Ɗumamen James Bond

A gidan da na tashi ba a zubar da tuwo. In an ci na dare an ƙoshi, Goggo takan tattara malmalar da ta rage ta zuba a wata baƙar tukunya, ta rufe da faifai, ta ɗora dutsen niƙa a kai saboda kyanwa. Kafin mu dawo daga sallar asuba ta riga ta hura wuta. Sai ta gutsuttsura tuwon, ta yayyafa masa ruwa kaɗan, ta rufe ya turara a hankali, miyar kukar jiya kuma tana gefen murhu tana ɓararraka. Ta ɗan ƙara daddawa, ta ɗiga man shanu, ta barbaɗa yaji. Duk wanda ya tashi a irin wannan gida ya san ɗumame yakan fi tuwon dare daɗi, don miyar ta kwana, kayan haɗinta sun shiga jikin juna.

Amma Goggo tana da ƙa'ida biyu. Ba ta haɗa tuwon jiya da na shekaranjiya a tukunya ɗaya, kuma ba ta taɓa miƙo maka ɗumame ta ce sabon tuƙi ne. Ranar da muka gane amfanin ƙa'idar farko ita ce ranar da ta tafi biki ƙauye, girki ya faɗa hannun amaryar yayanmu. Baiwar Allah tana son ta burge. Ta kwaso tuwon dawa, ta kwaso guntun na shinkafa da ya kwana biyu, ta juye sauran kuka da sauran taushe wuri guda, ta yanka nama ta zuba, ta kwarara man shanu har yana iyo. A ido, abinci ne na gidan sarauta. A baki kuwa, ka rasa me kake ci. Goggo ta dawo da hantsi, ta buɗe tukunyar, ta dangwala da yatsa ta kai baki, ta yi shiru. Can ta ce, "'Yar nan, kowanne da daɗinsa ya kwana, ke kika raba su da shi."

Wannan tukunyar ce ta faɗo mini a rai da na sake zama na kalli Spectre, fim ɗin James Bond na shekarar 2015.

Kada mai karatu ya ɗauka zagi ne in na kira fim ɗumame. Duk fim ɗin da ya biyo bayan wani, da jarumi ɗaya da salo ɗaya, ɗumame ne, kuma Bond shi ne sarkin masu ɗumame. Tun 1962, da Sean Connery ya fito a Dr. No, kayan miyar ba su canza ba: jami'in leƙen asirin Birtaniya mai lamba 007, kwat ɗinkin ƙwararru, mota mai ɓoyayyun dabaru, maigidansa M da ke masa faɗa, Q mai ƙera masa kayan aiki, sakatariya Moneypenny, kyakkyawar mace, da wani hamshaƙin mugu da ya gina sansani a inda ba a zato. Spectre shi ne na 24 a jerin da kamfanin Eon ya shirya. Wanda ya sayi tikiti ya san abin da ke cikin kwanon tun kafin a buɗe. Abin da ya zo gani shi ne hannun mai ɗumamawa.

Tuwon daren da aka ci kafin wannan kuwa ya yi daɗi har ya zama matsala. Skyfall na 2012 ya fito daidai lokacin da jerin ke cika shekara 50, ya tara sama da dala biliyan ɗaya, abin da wani fim ɗin Bond bai taɓa yi ba. Sai aka ce a dawo da masu girkin: darakta Sam Mendes, jarumi Daniel Craig a karo na huɗu, mai kiɗa Thomas Newman. Aka zuba kuɗin da rahotanni suka ce bai gaza dala miliyan 245 ba. Ka ga an yanka nama, an kwarara man shanu.

Lomar farko, wallahi, ba ta da makusa. Fim ɗin ya buɗe a birnin Meziko ranar bikin tunawa da matattu, titi cike da mutane kusan 1,500 da aka yi wa kwalliyar ƙwarangwal, ganguna na tashi. Kyamara ta tsinci wani mutum a cikin taron, ta bar shi ta kama wani mai fuskar ƙoƙon kai da doguwar hula, yana riƙe da hannun wata mace. Ta bi su cikin otal, ta shiga lif da su, ta bi su ɗaki. Mutumin ya tuɓe kayan bikin, sai ga Bond cikin kwat, ya fita ta taga, yana taka gefen rufin gidaje yana gyara hannun riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Duk wannan, minti huɗu da wani abu, ido bai ga inda aka yanke hoto ba. An yanke, an ɗinke ne da gwaninta, amma ɗinkin da ba a ganin zarensa ai shi ne ɗinki. Daga nan gini ya rufta, Bond ya faɗo ya dira a kan kujerar falo, sannan aka yi dambe a cikin jirgi mai saukar ungulu yana wulwulawa a saman babban dandalin birnin, jama'a a ƙasa suna watsewa.

Wani abin dariya: birnin Meziko ba ya yin irin wannan jerin gwano a da. Masu fim ne suka ƙirƙire shi. Da baƙi suka fara zuwa suna tambayar ina ake yi, sai hukumomi suka shirya na gaske a 2016. Ɗumame ya yi daɗin da har maƙwabta suka zo tambayar yadda ake yi.

Akwai wasu lomomin masu daɗi a gaba. A birnin Rum, Bond ya saci jiki ya shiga taron ƙungiyar asirin da fim ɗin ya ci sunanta. Dogon tebur, manyan mutane suna ba da rahoton cinikin jabun magunguna da fataucin mutane kamar masu karanta lissafin kamfani. Sai ƙofa ta buɗe, shugaban ya shigo ya zauna a inuwa, ba a ganin fuskarsa, ɗakin ya yi tsit har kana jin motsin kujera. Ba ya ɗaga murya. In zai yi magana sai ya ɗan karkata, wani ya matso da kunne. Duk wanda ya taɓa zama a zauren da ake tsoron maigida ya san wannan shirun. Nan ne Christoph Waltz, wanda ya fito a matsayin shugaban, ya fi ban tsoro a duk fim ɗin, lokacin da ba a gan shi ba. Nan kuma aka gabatar da Hinx, ƙaton da tsohon ɗan kokawa Dave Bautista ya fito a matsayinsa, wanda ya nemi kujerar wani ta hanyar kashe shi a gaban kowa, ya goge hannu da hankici ya zauna. Kalma ɗaya tak ya furta a duk fim ɗin.

Damben jirgin ƙasa a Maroko shi ne ɗumame na gaskiya, irin na Goggo. Kowa ya san daga ina aka ɗebo shi: From Russia with Love na 1963, inda Connery da Robert Shaw suka yi ta bugun juna a ɗan ƙaramin ɗakin tarago. Mendes bai ɓoye ba, bai kuma tsaya kwaikwayo kawai ba. Bond na zaune cikin farar kwat yana cin abinci da Madeleine, kyakkyawar macen wannan karon, sai ga Hinx. Kusan babu kiɗa, sai ƙarar katako na karyewa da numfashin mutane biyu. Ana jifa da Bond daga tarago zuwa tarago kamar buhun gawayi. Ya jefa wa ƙaton fitila wuta ta kama rigarsa, ƙaton ya tuɓe rigar ya ci gaba. A karon farko a fim ɗin ka ga tsoro a idon Craig, ka ga naushinsa ya daina tasiri, ka ga mutumin da ƙarfinsa ya ƙare. Ba don Madeleine ta harbi ƙaton ba, da kuma igiyar da aka naɗa masa a wuya aka ɗaura a jikin wasu gangunan ƙarfe da suka ja shi waje, da labari ya ƙare a nan. Sai dai ina fasinjojin jirgin da ma'aikatansa suka shiga? Da aka fara faɗan, ko mai kawo shayi ba a sake gani ba. Na yafe wannan, don loma in ta yi daɗi ba a tambayar wa ya wanke kwanon.

Zan ƙara da zaman da Bond ya yi da tsohon maƙiyinsa White a wani gidan katako a bakin tafki a Ostiriya, tsoho ya rame, guba na cin sa a hankali, ba abin da ya rage masa sai tunanin 'yarsa. Da kuma daren otal a Tanja, inda Bond, shi kaɗai a farke, ya auna wani ɓera da bindiga yana tambayarsa wa ya aiko shi. Ɓeran ne ma ya nuna masa ramin da ya kai shi ga ɓoyayyen ɗaki. Waɗannan ƙananan wurare ba su ci kuɗi ba, kuma su ne suka zauna mini a rai.

Inda aka ci kuɗin, nan ne ruwa ya fara yawa. Kamfanin Aston Martin ya ƙera mota ta musamman domin fim ɗin, DB10, guda goma kacal. Aka haɗa ta tsere da Jaguar C-X75 a titunan Rum da dare. A takarda, wannan shi ne naman miyar. A allo kuwa, tituna fayau babu kowa, motoci biyu masu tsada suna bin juna cikin ladabi kamar ayarin rakiyar amarya, Bond kuma yana waya da Moneypenny yana tambayarta bayanai. In jarumin da ake bi bai damu ba, ni da ke zaune a kan tabarma me zai dame ni? Haka tseren Ostiriya, inda ya bi motoci da jirgin sama a kan ƙanƙara har fikafikan suka karye. Ido ya ƙoshi, zuciya ba ta buga ba.

Monica Bellucci ma haka aka yi da ita. An yi ta shela cewa ga mace mai shekara 50 za ta fito tare da Bond, an daina ɗauko 'yan mata sa'o'in 'ya'yansa. Da fim ya fito, mintocinta ba su cika yatsun hannu biyu ba. Bond ya kashe mijinta, ya je jana'izar, ya bi ta gida a daren, matar da ba ta daɗe da shiga takaba ba, ya samu bayanin da yake so, ya bar mata lambar wanda za ta nema, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Wannan tsohon tuwo ne da ya yi tsami tun tuni, bai kamata a sake ɗora shi a wuta ba.

To, duk wannan mai sauƙi ne. Ɗumame yakan yi ruwa a gefe ɗaya ya yi daidai a ɗaya gefen, a ci a tashi. Abin da ya ɓata tukunyar gaba ɗaya yana tsakiyar hamadar Maroko.

Bond da Madeleine sun sauka daga jirgi a wata tasha da babu kowa, wata tsohuwar Rolls-Royce ta zo ta ɗauke su zuwa sansanin mugu a cikin wani ƙaton rami mai kama da bakin tukunya. Nan aka warware mana asirin. Bond maraya ne, iyayensa sun mutu a hatsarin hawan dutse yana yaro. Wani mutumin Ostiriya, Hannes Oberhauser, ya ɗauke shi riƙo, ya koya masa gudu a kan ƙanƙara da hawan dutse, ya ce wa ɗansa Franz ya ɗauke shi ƙane. Franz ya ga uba ya fi son ɗan riƙo. Sai ya kashe uban, ya yi ƙaryar shi ma ya mutu, ya ɗauki suna daga dangin uwarsa, Ernst Stavro Blofeld, ya kafa ƙungiyar da ta mamaye duniya. Har yana kiran Bond da sunan tsuntsun nan mai yin ƙwai a sheƙar wani, wanda ɗansa in ya ƙyanƙyashe yakan ture 'ya'yan gida.

Mu da muka tashi a gidan yawa ba sai an yi mana bayanin wannan ciwo ba. Mun san ɗan riƙo, mun san agola, mun san 'yan ubanci. Mun san yaron da ke leƙen kwanon ɗan'uwansa ya ga ko tsokarsa ta fi girma, ya girma da abin a ransa har ranar rabon gado. Labari ne mai nauyi, kuma da an gina fim a kansa tun daga tushe da ya yi ma'ana. Amma a ce ƙungiyar da ke juya gwamnatoci, mai tayar da bam a ƙasashe, mai kunne a kowace waya, asalinta haushin wani yaro ne da babansa ya fi sakar wa baƙo fuska? Duniyar leƙen asiri, mai faɗi da duhu, sai ta tsuke ta koma tsakar gida. Kuma masu ban dariya sun riga su: a Goldmember na 2002, fim ɗin Austin Powers da aka yi domin tsokanar Bond, an bayyana cewa jarumin da mugun 'yan'uwa ne. Abin da aka yi da wasa shekara 13 baya, shi aka dawo aka yi da gaske, fuska a murtuke.

Ba a tsaya nan ba. Blofeld ya ce duk wahalar da Bond ya sha a finafinai uku da suka wuce, shi ne ya kitsa ta. Le Chiffre na Casino Royale, Greene na Quantum of Solace, Silva na Skyfall, duk yaransa ne. Hujjar da aka ba mu ita ce Q ya ɗora wani zobe a kan na'ura, hotunansu suka fito a kwamfuta. Shi ke nan.

Nan ne amaryar yayanmu ta shigo kicin. Kowanne daga mutanen nan da daɗinsa ya kwana. Le Chiffre, wanda Mads Mikkelsen ya fito a matsayinsa a 2006, ma'ajin 'yan ta'adda ne da ya yi kasada da kuɗin mutane ya yi asara, ya zauna teburin karta yana zufa don ya san in bai mayar ba kashe shi za a yi. Tsoronsa ne ya sa ya zama abin tsoro. Silva na Javier Bardem kuwa tsohon jami'in tsohuwar M ne da ta miƙa wa 'yan Sin lokacin da ake shirin mayar da Hong Kong a 1997. Ya sha azaba, ya tauna gubar da aka ba shi don ya mutu, gubar ta ƙi kashe shi ta cinye masa muƙamuƙi. Ya dawo neman matar da yake kallo kamar uwa, wadda ta sayar da shi. Wannan ƙiyayya tasa ce, da jininsa ya saye ta. In ka ce ashe aiko shi aka yi, ka mayar da shi ɗan aike, ka rage wa Skyfall daraja, kuma ba ka ƙara wa Blofeld komai ba. Tuwon dawa ya rasa ɗanɗanonsa, na shinkafa ya rasa nasa, tukunyar ba ta samu sabo ba.

Me ya kai ƙwararrun mutane ga wannan? Amsar tana kotu. Sunan ƙungiyar da na Blofeld sun daɗe cikin rikici tsakanin masu shirya Bond da wani furodusa ɗan Ailan, Kevin McClory, wanda ya yi aiki da marubuci Ian Fleming a kan labarin da ya zama Thunderball, ya kai shi ƙara, aka sasanta a 1963 ya samu haƙƙin fim na labarin. Bayan Diamonds Are Forever na 1971, Eon ba ta sake amfani da sunan ƙungiyar ba. Shi ya sa a zamanin Craig aka ƙirƙiri wata ƙungiyar aka kira ta Quantum. McClory ya rasu a 2006, a Nuwamban 2013 aka daidaita da magadansa, haƙƙin ya dawo gida. Ka san halin wanda ya yi shekara arba'in yana shari'ar gado a kan tukunyar kakarsa. Ranar da aka miƙa masa ita, komai na gidan a ciki zai dafa, har abin da ya riga ya nuna. Da sun yi haƙuri sun gabatar da Blofeld a inuwa a wannan fim, su bar shi ya turara zuwa na gaba, da shirun nan na Rum ya yi aikinsa. Kuma ba a ce ba su san da matsala ba. Da aka yi wa kamfanin Sony kutse a ƙarshen 2014, saƙonnin da suka fita sun nuna manyan kamfani suna kuka da kashi na ƙarshe na labarin, ana ta sake rubuta shi gab da fara ɗauka.

Ƙa'idar Goggo ta biyu ma an karya ta. Kafin fim ya fito an yi ta musanta cewa Waltz Blofeld ne, alhali sunan fim ɗin kaɗai ya isa ya tona asiri. Da lokacin ya zo, ga farar kyanwa, ga riga marar kwala irin ta Blofeld na finafinan da, daga baya ga tabo a ido, ya furta sunan da ƙasaita kamar zai girgiza duniya. Amma Bond na cikin labarin bai taɓa jin sunan ba, ba abin da zai ji a jikinsa. Mu 'yan kallo aka faɗa wa, mu kuma mun sani tun a gida. An miƙo mana ɗumame an ce mu rufe ido za a ba mu mamaki.

Daga nan fim ɗin ya saki. An ɗaure Bond a kujera, ana huda masa kai da siririn ƙarfe, an ce hudar farko za ta taɓa masa gani da ji da tsayuwa, ta biyu za ta sa ya daina gane fuskar mutane. Madeleine ta jefa agogonsa mai bam, Bond ya miƙe garau, ya ɗauki bindiga yana harbo masu gadi ɗaya bayan ɗaya daga nesa ba kuskure. Harbi kaɗan a kan bututun gas, sansanin duka ya tashi. Fashewar ta gaske ce, an yi ta kusa da Erfud a Maroko ƙarƙashin Chris Corbould, da lita 8,418 na mai da kilo 33 na abin fashewa, har ta shiga kundin Guinness a matsayin mafi girma da aka taɓa yi domin fim. Bond da Madeleine suna tsaye suna kallonta kamar masu kallon ana ƙona shara a bayan gari. Wutar da aka kashe dukiya a kanta ba ta kai zafin naushi ɗaya na cikin jirgin ƙasa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne akwai sabon tuwo a gefe, an tuƙa shi rabi aka bari. A Landan, wani sabon shugaba da ake kira C yana son ya rufe sashen su Bond, ya haɗa bayanan leƙen asirin ƙasashe tara a rumbu ɗaya, ya maye gurbin mutum da na'ura da jirgi marar matuƙi. Wannan magana ce ta zamaninta. Shekara biyu kafin nan Edward Snowden ya fallasa yadda hukumomin Amurka da Birtaniya ke tattara bayanan wayoyin jama'a, kuma ƙawancen ƙasashe biyar masu musayar irin waɗannan bayanai, Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostareliya da Niyu Zilan, abu ne da yake nan. A fim ɗin, Afirka ta Kudu ta ƙi amincewa, sai bam ya tashi a Kef Tawun, ta canza ra'ayi. Ralph Fiennes, a matsayin sabon M, ya yi magana mai kyau, cewa wanda aka ba izinin kisa an ba shi izinin ya ƙi kisa ma, don shi yana kallon idon mutum kafin ya ja kunama. Da an bar C ya zama mai gaskiya a nasa ganin, da an samu muhawara. Amma an ba Andrew Scott rawar, wanda duk mai kallon Sherlock ya san shi a matsayin Moriarty, ya shigo yana murmushin mugunta tun fitowar farko, daga baya aka ce shi ma yaron Blofeld ne. Shi ma an juye shi a tukunyar.

A shekarar nan dai, wata uku kafin Spectre, Tom Cruise ya fito da Mission: Impossible – Rogue Nation. Kusan labari ɗaya: ƙungiyar asiri da ba a yarda tana nan ba, hukumar jarumi ana son rufe ta, a bi ta Ostiriya da Maroko a ƙare a Landan. Shi ma ɗumame ne, na biyar a jerinsa. Sai dai bai ce mugunsa ɗan gidansu jarumi ba ne, bai kuma koma ya kwaso tsofaffin maƙiya ya ce uwarsu ɗaya ba. Ya gama cikin minti 131. Spectre ya kai 148, kuma minti talatin na ƙarshe, da Bond ke yawo a rusasshen ginin hukumarsu ana manna masa hotunan matattu a bango, sannan ya harbo jirgi mai saukar ungulu da ƙaramar bindiga daga cikin kwalekwale a kogin Tems, ƙanzo ne da ya ƙone, ana kankare shi don kada a ce an bar wani abu.

Craig kansa ya gaji, kuma ana gani. Ya ji rauni a gwiwa wurin ɗauka har aka yi masa aiki, da aka gama kuma wani ɗan jarida ya tambaye shi ko zai sake, ya ba da amsar da ta nuna ko sunan Bond ba ya son ji a lokacin. Soyayyarsa da Madeleine ta Léa Seydoux, wadda ita ce dalilin da ya jefar da bindiga a kan gadar Westminster ya bar aiki, ba a ba ta lokacin nuna ba. Jiya tana korarsa, yau tana cewa tana son sa. Wanda ya ga yadda aka gina tasa da Vesper a Casino Royale, zance bayan zance, zai ji bambancin. Sai a No Time to Die na 2021 aka dawo aka yi wa wannan soyayya aikin da ya kamata a yi tun farko, aka kuma kawar da Blofeld yana tsare a kurkuku cikin 'yan mintoci, kamar masu girkin sun ɗanɗana sun gane.

Ba a yi asara ba, kada a ce na ce. Fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 880, waƙarsa ta Sam Smith ta ci kyautar Oscar kamar yadda ta Adele ta ci a Skyfall. Mu ma ranar nan mun cinye abincin amarya tas, don yunwa muke ji kuma akwai nama.

In mai tura finafinai ya sa maka Spectre a waya, ka kalle shi. Buɗewar Meziko ka maimaita ta sau biyu, ka kashe fitila lokacin taron Rum, ka gyara zama in an shiga jirgin ƙasa. Da ka ga tsohuwar motar nan ta taso da ƙura daga cikin hamada, in kana da wani aiki, tashi ka yi abinka.